Ciwon Kai Mai Zuwa da Toshewar Hanci

 Idan hunturu ya shigo, hazo ya rufe gari, mutane da yawa sukan yi kukan wani irin ciwon kai mai nauyi a goshi da kumatu. Yau za mu duba inda wannan ciwo yake fitowa, da abin da za mu yi a gida, da kuma lokacin da ya wajaba mu tafi asibiti.

Sa'ad da Allah ya yi mutum, ya bar waɗansu ramuka masu iska cikin ƙasusuwan fuska. Iri 4 ne, kowane iri dama da hagu: akwai na goshi, da na kumatu, da na tsakanin idanu, da na can ciki bayan hanci. Likitoci suna ce da su sainos. Cikinsu akwai wata fata mai laushi da take yin majina, majinar kuwa takan bi ta ƙananan ƙofofi ta sauko cikin hanci, tana wanke ƙura da ƙwayoyin cuta. In mura ta kama mutum, ko ƙura da hayaƙin itace suka dame shi, sai fatar nan ta kumbura, ƙofofin su toshe, majina ta taru ba hanyar fita. Daga nan ciwon yake tashi.

Ga yadda za ka gane shi. Fuska takan yi nauyi, ciwon yakan ƙaru in ka sunkuya. Hanci yakan toshe, majina ta yi kauri, jin ƙanshi ya ragu, wani lokaci har haƙoran sama su yi ciwo. Amma mu lura, yawancin waɗanda suke tsammani wannan ne ke damunsu, ciwon ɓarin kai ne suke da shi. Shi wannan yakan yi ta bugawa, ya zo da tashin zuciya, mai shi ba ya son haske ko ƙara, maganinsa kuma dabam ne. In kanka yana ciwo a kai a kai ba tare da mura ba, ka gaya wa likita.

Yawancin kumburin nan irin ƙwayar cutar mura ce take kawo shi, yakan kuma warke da kansa cikin kwana 7 zuwa 10. Kafso ba ya kashe wannan ƙwaya. Wanda ya je kyamis ya sayi kafso biyu ko uku ya haɗiye, ya ɓatar da kuɗinsa, ya kuma koya wa ƙwayoyin cuta jure wa magani, har ranar da zai bukace shi da gaske ya ƙi yi masa aiki.

To, me za mu yi? Mu sha ruwa sosai, mu huta. A jiƙa tsumma da ruwan ɗumi a ɗora bisa goshi da kumatu. A tafasa ruwa kofi ɗaya, a bar shi ya huce, a zuba gishiri rabin ƙaramin cokali, a wanke cikin hanci da shi. Kada a yi da ɗanyen ruwan rijiya. Sirace yakan ba waɗansu sauƙi, amma kada a yi wa ƙananan yara, gama ruwan zafi yana ƙona su. Farasitamol yana rage ciwon in an sha bisa ga ƙa'ida, amma kada a ba yara asfirin. Maganin fesawa mai buɗe hanci kada ya wuce kwana 3, domin in an daɗe a kansa toshewar takan dawo fiye da dā. Mai hawa babur ya rufe hancinsa, iyayenmu mata kuma su bar iska ta shiga madafa.

Ka tafi asibiti in ciwon ya wuce kwana 10 ba sauƙi, ko ya fara sauƙi sa'an nan ya komo da ƙarfi. In ya kai mako 12, ya zama mai daɗewa, yana bukatar bincike. Akwai kuma alamun da ba a kwana da su a gida: kumburi ko ja kewaye da ido, ganin abu ɗaya ya zama biyu, zazzaɓi mai zafi, sandarewar wuya, da ruɗewar hankali. Ramukan nan suna maƙwabtaka da ido da ƙwaƙwalwa. Lokacin rani kuma shi ne lokacin sanƙarau, wanda a shekara ta 1996 ya kashe mutum fiye da 11,000 a Nijeriya, yawancinsu a arewa. Kada a ce mura ce kawai, kada kuma a zargi maƙwabci da sammu alhali mara lafiya yana bukatar likita.

Wani zai ce, ina bangaskiya? Mu tuna da sarki Hezekiya cikin Littafin Sarakuna na Biyu, sura 20. Ya yi addu'a da hawaye, Allah ya ƙara masa shekara 15, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora curin ɓaure bisa marurun. Addu'a da magani suka tafi tare. Luka ma, wanda ya rubuta Bishara, likita ne. Jikin nan amana ce a hannunmu, kiyaye shi kuwa sashi ne na bautarmu.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, kai ka siffata mu, ka san inda yake yi mana ciwo. Ka taɓa marasa lafiya a gidajenmu, ka ba likitoci da masu jinya hikima, ka ba mu hankalin neman taimako a kan kari. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.