Aibin da Ba Ya Bayyana Ranar Ciniki

A tsakiyar watan Agusta na shekarar 2020 wani hadari mai yawan tsawa da ƙarancin ruwa ya ratsa arewacin jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka, ya kunna wuta a ɗaruruwan wurare cikin dazuzzukan da fari ya riga ya ƙeƙasar, har ya zamana kafin shekarar ta fita gobara ta cinye fiye da eka miliyan 4 a wannan jiha kaɗai; ran 27 ga Satumba kuma wata gobarar, wadda suka sa wa suna Glass, ta tashi a cikin kwarin Napa, inda ake noman inabin da ya fi kowanne tsada a ƙasar. Kurangar inabi ba ta cika kama wuta ba saboda ɗanyen ganyenta, don haka mafi yawan gonakin suka tsira daga harshen wuta, amma hayaƙi ya sauko ya kwanta a kansu kwana da kwanaki, a daidai lokacin da 'ya'yan ke nuna, aka wayi gari manomi yana duban nonnan inabinsa cikakku, baƙaƙe sidik, babu tabo ko ɗaya, alhali kuwa bai sani ba ko dukiya yake kallo ko hasara.

Bayan shekara biyu zuwa uku giyar da aka yi da inabin wannan kaka ta fara fitowa kasuwa, mutanen can da suka saba biyan ɗaruruwan daloli a kan kwalba guda suka shiga tambayar juna ko ya kamata su sayi abin da aka rubuta wa 2020 a goshi. Mu dai a wurinmu hukuncin giya sananne ne, shanta da cinikinta duka Shari'a ta haramta, kuma ba na nufin in buɗe wa kowa wata ƙofa a nan. Abin da ya ja hankalina ga mas'alar shi ne ta tattara abu biyu da ke da amfani ga duk mai noma da duk mai ciniki a ko'ina yake, watau hikimar yadda tsiro ke haɗiye illa ya ɓoye ta, da kuma tambayar nan da fuƙaha'unmu suka daɗe suna bahasi a kanta, wa ya kamata ya ɗauki hasarar aibin da ba a gani sai bayan an rabu a wurin ciniki.

Shi itace, kusan rubu'insa wani sinadari ne da ake kira liginin, wanda shi ke ba shi ƙarfin tsayuwa. Idan wuta ta ci shi sai ya farfashe ya zama waɗansu ƙananan sinadarai masu tashi a iska, dangin finol, waɗanda mafi shahara a cikinsu su ne gwayakol da siringol da kiresol, kuma su ne ainihin abin da ke ba kifin banda ƙamshin da muke so a miya. To waɗannan sinadarai idan suka sauka a kan inabi sai su ratsa siririn ɓawonsa su shige ciki, don haka wanki ba ya fitar da su, ko da an wanke tokar da ke bisa tas. Kuma kaɗan ƙwarai ke isa ya ɓata abu, gama masu gwaji da kashi ɗaya cikin biliyan suke auna su.

Abin al'ajabin yana gaba. Kurangar tana ɗaukar waɗannan sinadarai a matsayin baƙon abu mai cutarwa, sai ta yi maganinsu da dabarar da Allah ya halitta mata, ta ɗaure kowannensu da ƙwayar sukari, shi kuwa finol in an ɗaure shi da sukari ba ya tashi a iska, abin da ba ya tashi kuma hanci ba ya jin sa. Saboda haka mutum na iya tsinkar inabin ya sansana, ya matse ruwansa ya ɗanɗana, ya rantse babu komai, alhali illar tana nan kwance a baɗini. Sai an zuba yis ruwan ya fara tsima sa'an nan wani sashe na ɗaurin zai kwance, wani sashen kuma ya ci gaba da kwancewa sannu a hankali cikin ganga da kwalba, ragowar kuwa yawun bakin mai sha ne da ƙwayoyin halittar da ke cikinsa ke warware ta; shi ya sa masu ɗanɗanawa suke cewa kurɓin farko lafiya lau, sai bayan an haɗiye ƙauri ya taso daga maƙogwaro, ya bar ɗanɗanon tsohuwar toka da ke daɗewa bai gushe ba. Mutane kuma ba ɗaya suke ba wajen jin sa, akwai wanda ƙanƙani ke damunsa, akwai wanda ba ya jin komai.

Mutanen Ostareliya ne suka fara tsananta bincike a kan wannan al'amari, bayan gobarar da ta auka wa jihar Biktoriya da kewayen birnin Kanbera a 2003, kuma cibiyar binciken giyar inabi ta ƙasar da ke Adelaide, tare da malamai irin su Farfesa Kerry Wilkinson ta jami'ar wannan birni, su suka tabbatar da mafi yawan abin da aka sani yau. Daga cikin abin da bincike ya nuna, haɗarin ya fi tsanani tun daga 'yan kwanaki bayan inabi ya fara sauya launi har zuwa ranar girbi. Sabon hayaƙi na wutar da ke kusa ya fi tsohon hayaƙin da iska ta kwaso daga nesa illa. Jar giya ta fi farar giya kamuwa, domin ita ana tsima ta ne tare da ɓawon, inda sinadaran suka fi taruwa. Kurangar kuma ba ta riƙe illar zuwa baɗi. Wannan ne ya bambanta 2020 da 2017 a yankunan Napa da Sonoma, gama mummunar gobarar 2017 ta tashi ne ran 8 ga Oktoba, bayan an riga an girbe kusan kashi 90 cikin 100 na amfanin, ta 2020 kuwa ta zo tun Agusta, ta sami kusan kome a gona, musamman irin nan da ake kira Cabernet Sauvignon, wanda shi ne mai tsadar kuma shi ne mai jinkirin nuna.

Sanin ko inabi ya kamu, aiki ne na ɗakin gwaji, kuma a 2020 samfurori suka yi wa ɗakunan gwajin yawa har sakamakon da aka saba samu cikin kwana biyu ko uku ya koma sai an jira makonni, shi kuwa inabi in ya nuna ba ya jiran kowa. Da yawa suka koma ga dabarar hannu: a tsinko inabi daga sassa daban-daban na gona, a murtsuke shi cikin bokiti, a zuba yis a rufe, bayan kamar mako guda a tace a tara mutane su ɗanɗana, kowa ya kurkure baki ya dakata kafin ya taɓa na gaba, don ƙaurin wani kan bi baki ya ɓata hukuncin wani. Ko alkaluman ɗakin gwajin ma ba su yanke magana, domin gangar itacen oak da ake babbaka cikinta kafin a zuba giya ita ma tana ba da gwayakol, kuma akwai irin inabin da ke da ɗan nasa tun asali, irin su Shiraz. A 2023 masu bincike na jami'ar jihar Oregon suka ba da rahoton wani dangin sinadarai masu ɗauke da farar wuta, tayofinol, waɗanda ke da hannu a ɗanɗanon tokar, ga shi kuwa ba a auna su a gwajin da aka yi ta dogara da shi a baya.

Magani akwai, amma ragagge ne. Ana tacewa da gawayin da aka sarrafa, ko a tura giyar ta cikin matata mai ƙananan ƙofofi ƙwarai, sai dai abin da ke kwashe ƙauri yana kwashe ƙamshi da launi tare da shi, kuma ya fi kama sinadarin da ke sake fiye da ɗaurarre, har ƙaurin kan komo bayan watanni. Waɗansu a Oregon, da hayaƙin Satumban 2020 ya rufe kwarin Willamette, suka matse jan inabinsu nan take suka zubar da ɓawon, suka yi fara ko ja-ja da shi.

A nan ne maganar ta bar hannun masana ta koma ta haƙƙi. Manoma da yawa ba su da wurin matsa, sayar da inabin suke yi ga kamfanoni bisa yarjejeniyar da aka ƙulla tun kafin kaka, kuma a wancan lokacin tan guda na Cabernet ɗin Napa yakan kai wajen dala 8,000. Da hayaƙi ya zo sai kamfanoni suka fara ƙin karɓa, wani da hujjar gwaji, wani da zato kawai, aka bar inabi ya bushe a jikin kuranga. Tun a 2018 an ga irin haka a kudancin Oregon, inda wani kamfani na Kalifoniya ya soke cinikin kimanin tan 2,000 ana gab da girbi, har waɗansu kamfanonin jihar suka haɗa kai suka sayi abin da suka iya don su rage wa manoman zafi. Ƙarƙashin manoman kuma akwai leburori, akasarinsu 'yan asalin Meksiko, masu tsinka da dare da fitila ɗaure a goshi, waɗanda in an girbe su ne ke shaƙar hayaƙin, har a yankunan da aka kwashe mazauna saboda wuta, in kuma an fasa girbi su ne ke komawa gida hannu rabbana. Malaman mazhabar Malikiyya sun yi wa irin wannan babi suna, ja'iha, watau annobar da ke faɗa wa 'ya'yan itacen da aka saya tun suna bisa, kuma Ibn Abi Zaid ya kawo a Risala cewa in ɓarnar ta kai sulusi ko fiye, ana sauke wa mai saye gwargwadonta daga kuɗin. Ko da yake wannan ciniki nasu ba ya cikin abin da Shari'a ta halatta, ina ganin hikimar ƙa'idar ta fito fili idan aka dubi rigingimun da suka biyo bayan 2020, gama ita ta ajiye ma'auni tun kafin masifa ta sauka, su kuwa yarjejeniyoyinsu da yawa ko ambaton hayaƙi ba su yi ba, sai mai ƙarfi ya fassara su yadda ya ga dama.

Akwai kuma waɗanda suka zaɓi hasara a kan zubar da mutunci, kuma lalle sun cancanci a ambace su. Gidan Tyrrell's na kwarin Hunter a Ostareliya, wanda ya haura shekara 150 yana wannan sana'a, ya fito fili a farkon 2020 ya ce ya bar kimanin kashi 80 cikin 100 na amfaninsa saboda hayaƙin gobarar da aka yi a can, kuma manyan gidaje da dama a Napa ba su fitar da jar giya mai ɗauke da sunansu ba sam a kakar 2020.

To mene ne amsar tambayar masu sayen? A ganina shekarar da ke rubuce a kwalba ba ta isa hujja ba, ko ta kamawa ko ta wankewa, domin hayaƙi yana bin iska da kwari da tudu, gona biyu da ke kallon juna sai ɗaya ta kamu ɗaya ta kuɓuta, wanda kuma ya girbe kafin wuta ta iso babu ruwansa. Ƙaurace wa shekara ɗungum zalunci ne ga manomin da kayansa ke lafiya. Amma fa wanda ke biyan kuɗi mai yawa, yawanci don ya ajiye shekara goma ko ashirin yake biya, wannan aibi kuwa irin wanda ajiya ke iya tono shi ne, saboda haka nauyin bayani yana wuyan mai sayarwa, wanda shi kaɗai ya san ranar da ya girbe, da nisan gonarsa daga wuta, da sakamakon gwajin sakakken sinadari da ɗaurarre, da kuma ko an bi kayan da gawayi. Takardar jikin kwalba ba ta faɗin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Wanda ya bayyana su, ya kuma yarda a komo masa da kaya in aibi ya fito daga baya, ya sauke abin da ke kansa. Wanda ya yi shiru ya bar farashi yadda yake a shekarun lafiya, ya sayar da garari ne da kuɗin yaƙini, kuma ban ga dalilin da zai sa wani mai hankali ya ɗaukar masa wannan kasada ba.

Su kansu mutanen can sun fara gyara. Sababbin yarjejeniyoyi yanzu sukan faɗi wane ɗakin gwaji za a kai samfur, da iyakar da in an haura ta mai saye zai iya ƙi ko ya rage kuɗi. Manoma kuma suna auna inabinsu a shekarun da babu gobara don su san gwargwadonsa na asali. Ma'aikatar aikin gona ta Amurka ta fito da wata inshora ta musamman ga masu inabin Kalifoniya tun daga kakar 2025, wadda ke biya bisa yawan kwanakin da tauraron ɗan'adam ya ga hayaƙi mai kauri a kan gundumar manomi, ba tare da an jira sakamakon gwajin gonarsa ba.