Wasiƙar Soja Kan Ce "Lafiya Lau", Ko Iyali Sun San Abin Da Ta Ɓoye?

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, Turawan Ingila sun kwashi dubban 'yan Najeriya zuwa ƙasar Bama, wadda yau ake kira Miyanmar, inda suka gwabza da Japanawa a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Wasiƙa ce kaɗai ke sada su da gida. Wanda bai iya rubutu ba sai ya faɗa a rubuta masa, kuma sai jami'in tace saƙo ya duba ta ya buga hatimi kafin ta fita.

Yau waɗannan takardu sun zama abin nema. Masu tara kayan tarihi a Turai da Amurka na sayen su a gwanjo, musamman ambulan mai hatimin tacewa. Idan akwai irinta a adakar kakanku, ku raba ta da laima da hasken rana, kada ku liƙe ta da roba, ku kuma ɗauki hotonta ku ajiye.

Sai dai wasiƙar soja ba ta cika faɗin komai ba. Doka ta hana shi bayyana inda yake, tausayin uwa kuma ya hana shi faɗin abin da idonsa ya gani. Abin da bai shiga takarda ba, shi ne yake biyo shi har gida. Kuma tarihi ya nuna an sha yin sakaci da waɗanda suka dawo. Ranar 28 ga Fabrairu 1948, tsofaffin sojoji a Akara ta ƙasar Gana suka yi tattaki don neman haƙƙinsu, 'yan sanda suka harbe uku daga cikinsu.

A yau ma muna da mazaje da 'ya'ya masu dawowa daga fagen daga a Arewa maso Gabas. Wasu kan dawo da larurar firgici bayan tashin hankali, wadda likitoci ke kira PTSD. Alamominta sun haɗa da munanan mafarkai, zabura idan an buga ƙofa, saurin fushi, rashin barci da gudun mutane. Idan suka wuce wata guda suna hana shi sukuni, lokacin ganin likita ya yi. Ba ragwanci ba ne, ba kuma raunin imani ba.

Babban haɗarin shi ne mutum ya yi wa kansa magani. Tramadol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da shi a 2018, ba sa warkar da wannan larura, sai dai su ƙara masa jarabar shaye-shaye. Ƙwayoyin barci irin su diazepam ma ba maganinta ba ne. Abin da ya fi tasiri shi ne zaman tattaunawa da ƙwararre. Likita kan kuma rubuta magani irin su sertraline, wanda kan ɗauki makonni huɗu zuwa shida kafin a ga amfaninsa, kuma ba a daina shi farat ɗaya.

Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba ta Legas, Aro ta Abeokuta, Kaduna da Maiduguri, ban da asibitocin soja. Idan ya fara maganar gajiya da rayuwa, ko ya fara dukan iyali, kada a jira gobe.

Uwargida, kada ki matsa masa sai ya ba da labari, amma ranar da ya buɗe baki, ki saurara ba tare da katse shi ba. A faɗa wa yara cewa ba laifinsu ba ne. Kowace 15 ga Janairu ana tunawa da 'yan mazan jiya, amma rana ɗaya ba ta isa ba. Idan takardar da soja ya rubuta ta cancanci adana, wanda ya rubuta ta ya fi ta cancantar kulawa.