Garin Neman Gira: Ɓarnar chmod 777

Wani ɗalibina ya kawo mini kwamfutarsa ta cinya mai Linux Mint, fuska duk a yamutse. In ya buga kalmar sirri daidai, sai allon ya yi baƙi na ɗan lokaci, ya sake mayar da shi wurin shiga. Kafin ya iso gare ni, wani "gwani" ya riga ya ba shi magani: ya buga sudo chmod -R 777 / kuma ya buga. "Malam," in ji shi, "da can shiga kawai ta hana ni, yanzu ko sudo ta ƙi." Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Na gaji da wannan magani da ake raba wa mutane kamar farasitamol. Tsarin izinin nan gado ne daga Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka faro a Bell Labs a 1969. Karatu 4 ne, rubutu 2, gudanarwa 1, ana haɗa su ga mai fayil, ƙungiyarsa, da sauran jama'a. Wato 777 na nufin kowa ya yi yadda ya ga dama.

Masu wannan shawara suna zaton kwamfuta na hana shiga ne don izini ya yi kaɗan, in an ƙara sai ta buɗe. Ba haka ba ne. Akwai manhajojin da aka gina su ƙi aiki da zarar sun ga ƙofa a wangale. SSH ba ya karɓar mabuɗinka idan wasu na iya rubutu a foldar .ssh ko a fayil ɗin authorized_keys. Shi ya sa ake ba foldar 700, fayil ɗin 600. Shi kuwa sudo izininsa 4755 ne, kuma wannan 4 na farko shi ke ara wa mai amfani ikon root na ɗan lokaci. 777 na goge shi. Fayil ɗin /etc/sudoers kuma 440 yake, in kowa na iya rubuta masa sudo ba zai saurare shi ba. Ga /etc/shadow, inda kalmomin sirrin kowa suke a lulluɓe, ka bar shi a fili. Don Allah, wa ke cire ƙofofin gida duka don mabuɗin ɗaki ɗaya ya ɓata?

Abin da ya dace ba shi da wuya. Danna Ctrl+Alt+F3, allon rubutu zalla zai fito. Idan ka shiga nan da sunanka, to kalmar sirrinka lafiya lau. Buga ls -la ka duba wa ya mallaki kayan gidanka. Na ɗalibin nan, fayil ɗaya ne, .Xauthority, ya koma hannun root, saboda ya saba buɗe manhajoji masu taga da sudo. Umarnin chown guda da zai mayar masa da fayil ɗin ya isa, aikin minti ɗaya. Sannan duba foldar gidan kanta, taka ce? In an kwafo ta daga wani faifai da ikon root, sau da yawa mallakar kan canza. Duba /tmp, dole ta zama 1777, ka ga harafin t a ƙarshen jerin. Wannan 1 ɗin ke hana wani goge kayan wani. Tushen faifai, wato /, da /home su zama 755, /etc/passwd kuma 644. In ka ga root na shiga alhali kowa na waje, dalili shi ne waɗannan izini ba su ɗaure shi.

Kuma ka karanta abin da na'urar ta rubuta kafin ka taɓa komai: journalctl, ko /var/log/auth.log a dangin Debian, /var/log/secure a na Red Hat. Yawanci sunan fayil mai laifin na nan ƙuru-ƙuru, ganda ce kawai ke hana mutane dubawa. Wani lokacin ma faifai ne ya cika, ko an manta da /etc/nologin.

Masu Red Hat na da rpm --setperms da zai mayar da izinin fayilolin manhajoji yadda suke. Ɗalibina bai samu wannan sauƙi ba. Muka kwashe takardunsa a filash, muka sake ɗora Mint daga farko, bai tafi ba sai bayan magariba.