Idan Wuƙa Ta Kauce Wa Zane: Gano Ciwon Injin Buga Sitika

Duk mai shagon buga sitika ya san wannan takaici. An buga tambarin robar zoɓo ko na kwalbar turare guda ɗari biyar, launi ya fito raɗau, sai aka zo yanka, wuƙa ta ci gefen rubutu ta dama, ta bar farin layi ta hagu. Mai kaya ba zai karɓa ba, leda da tawadar da aka ƙona kuwa sun tafi ke nan. Abin da aka saba yi a shagunanmu shi ne a faɗa cikin saitin inji a yi ta ƙara lamba ana ragewa, in an gaji a kira injiniya a ce masa inji ya rikice. Sau tari injin lafiyarsa ƙalau. Kaucewar wuƙa tana da kamanni iri-iri, kuma kowace kama tana nuna inda ciwon yake ga wanda ya tsaya ya duba.

Injin da ke bugu da yanka a jiki ɗaya ya bazu a duniya ne bayan kamfanin Roland DG na birnin Hamamatsu a Japan ya fito da VersaCAMM SP-300 a 2003. Mimaki na da nasa jerin CJV, wasu kuma suna bugu a inji ɗaya su kai yanka kan Graphtec, ko Summa ta Beljiyam, ko ƙananan injinan Sin da suka cika kasuwa. Duk aikinsu ɗaya ne. Kan da ke ɗauke da wuƙa yana zirga-zirga hagu da dama, ita kuma leda ana jan ta gaba da baya tsakanin wani gungumen ƙarfe mai kaushi a ƙasa da ƙananan tayoyin roba masu danne ta daga sama. Idan an gama bugu, inji ya janye ledar baya zuwa inda ya faro, sannan ya bi layin yanka. Abin lura shi ne injin ba ya ganin hoton da ya buga. Wajen jan leda, juyin motarsa kawai yake ƙirgawa. In leda ta zame ko ta miƙe a hanya, bai sani ba, zai yanka inda lissafinsa ya ce hoton yake.

Don haka kafin a taɓa kowane maɓalli, a shimfiɗa aikin da ya ɓaci a kan tebur, a ɗauko rula, a auna kaucewar a kusurwa huɗu da tsakiya.

Idan ta zo daidai ko'ina, misali rabin milimita zuwa hagu daga sitikar farko har ta ƙarshe, to wannan matsalar saiti ce, kuma ita ce mafi sauƙi. A injinan Roland akwai gwajin daidaita bugu da yanka: inji ya buga ɗan ma'auni ya yanka a kansa, a karanta lambar da wuƙa ta faɗa a tsaye da a kwance, a shigar da ita. Minti kaɗan ne. Amma a yi gwajin da ledar da za a yi aikin da ita, domin kaurin leda yana canza sakamako.

Wadda ta fi cin kuɗin mutane ita ce kaucewar da ke ƙaruwa. Layin farko ya fita tsaf, a tsakiya an fara ganin fari, kafin a kai mita biyu wuƙa ta shiga cikin rubutu. A nan duk lambar da aka shigar a saiti ɓata lokaci ce, domin in ta gyara ƙarshe za ta ɓata farko. Ledar ce ba ta tafiya yadda inji yake zato, kuma dalilan sanannu ne. Sabon naɗin leda mai mita hamsin yana da nauyi. In inji ne zai fizgo shi da kansa a tsakiyar yanka, tayoyin sai sun ɗan zame. Shi ya sa ƙwararru ke warware abin da aikin zai ci da hannu, su bar shi ya yi sako-sako a baya. Sai ƙarfen nan mai kaushi, wanda ɓurɓushin leda da danƙo da ƙura ke cike haƙoransa har ya daina kamawa; buroshi mai tauri ya isa ya tsabtace shi. Tayoyin roba kuma dole su zauna daidai kan wuraren kaushin da aka yi wa alama, na gefe biyu su kama bakin ledar sosai. Tayar da ta tsage ko ta shafe ta gefe ɗaya ba ta da magani sai sabuwa.

Sannan ga zafi. Injin tawadar solbent yana da hita da ke gasa leda zuwa wajen digiri 40 don tawada ta kama. Leda roba ce, tana buɗewa da zafi ta tsuke in ta huce, musamman mai arahar nan da aka fi saye. Wurin da tawada ta yi yawa, kamar baƙi ko ja mai duhu, yakan yi laushi ya ƙara motsi. Ke nan an buga hoto a kan leda mai tsawo kaza, an zo yanka tsawon ya canza. Maganin da ya fi ci shi ne a daina dogon aiki a tashi ɗaya. A raba shi gajeru-gajeru, kamar mita ɗaya, a buga a yanka, a sake. A rage hita gwargwadon yadda tawada za ta bushe, a rage gudun wuƙa. Na san masu shago ba sa son jin wannan, musamman lokacin siyasa da aiki ke yi musu yawa, amma mita biyar da aka jefar ta fi minti goma tsada.

Idan kuma kaucewar ta karkace ne, gefe ɗaya daidai ɗayan ya goce, ledar aka ɗora a karkace. A kwance a sake ɗorawa, a tura ta gaba da baya a ga ko bakinta yana gudu daga ƙarƙashin taya.

Akwai wani nau'in da ake ɗora wa saitin daidaita bugu da yanka laifi alhali wuƙa ce. Layuka suna kan hanya, amma kusurwoyi sun zama kumbo, ko sun fito da ɗan ƙaho, ko da'ira ta ƙi haɗuwa. Wuƙar waɗannan injina ba a tsakiya tsininta yake ba, yana ɗan baya, yana bin jan da ake yi masa kamar tayar ƙafar kujerar ofis. Wannan tazara ita ake kira ofset, kuma a wuƙar yau da kullum mai digiri 45 yawanci milimita 0.25 ce. In lambar da ke inji ta yi ƙasa, kusurwa ta yi kumbo. In ta yi sama, ta yi ƙaho. A kuma ciro mariƙin wuƙar a duba ko tana juyawa ba tare da cijewa ba, domin ɗan guntun leda in ya maƙale ciki ya isa ya hana ta. Da yawa suna fito da tsinin sosai suna ganin haka ya fi yanka. Abin da ake so shi ne ya ratsa ledar ya ɗan taɓa takardar baya kawai. Tsini mai tsawo yana jan leda, yana kuma huda doguwar robar da ke ƙarƙashin wuƙa, wadda in ta yi rami sai yanka ya riƙa zurfi a wani wuri yana tsallake wani.

Aikin da za a cire a yi wa laminatin a dawo da shi sai da alamomin kusurwa: ɗigon baƙi a Roland, alama mai kamar harafin L a Graphtec da Mimaki. Wani ɗan ido a jikin kan inji ne ke karanta su, daga nan ya lissafa karkata da miƙewa ya gyara. Idan ya kasa gani, a goge shi, a tare hasken rana da ke faɗowa daga ƙofa, a tabbatar an bar isasshen fili a gaba da bayan alamomin. Laminatin mai ƙyalli yakan ruɗe shi, sai a manna tef marar ƙyalli a kan alamar. A bar bugu ya sha iska kamar kwana guda kafin a rufe shi da laminatin. Ni a ganina a riƙa sa alamomin ko da ba za a yi laminatin ba, saboda dalilin da duk mai shago a Arewa ya sani: in aka ɗauke wuta tsakanin bugu da yanka, inji ya manta inda ya faro, kuma alamomin ne kaɗai za su ceci aikin.

Yanayinmu ma ba ya taimakawa. Roland ya ƙayyade wa injinansa zafin ɗaki digiri 20 zuwa 32, da laimar iska kashi 35 zuwa 80 cikin ɗari. A Kano da Sakkwato da Maraɗi zafin watan Afrilu yana haura 40, da hunturu kuma laima takan faɗi ƙasa da kashi 20. Busasshiyar iska tana sa leda ta riƙa mannewa a jikin inji, ƙura kuma ta kwanta kan siririn zirin roba mai sheƙi da kan inji ke karanta matsayinsa da shi. In zirin ya yi datti, kaucewa takan zo ba tsari, yau hagu gobe dama. A share shi a hankali da ƙyalle marar gashi bayan an kashe inji. Ledar da aka sauke daga bayan mota da rana tsaka kuma a bar ta ta kwana a ɗakin kafin a ɗora.

Saura mai zane a kwamfuta. Babu injin da ke yanka ba kuskure ko kaɗan, don haka a CorelDRAW ko Illustrator a bar launi ya zarce layin yanka da milimita ɗaya ko biyu, a kuma guji siririn zobe a bakin sitika, wanda ke tona ƙaramar kaucewa. A VersaWorks, manhajar injinan Roland, sunan launin layin yanka dole ya zama CutContour, da manyan haruffansa yadda suke, in ba haka ba inji zai buga layin a maimakon ya yanka shi.

Idan an bi duk wannan kaucewar ba ta daina ba, to lokacin kiran injiniya ya yi, domin mai yiwuwa bel ya saki ko mota ta gaji. A ajiye masa aikin da ya ɓaci cikakke, kada a yayyage shi, a rubuta a kai wane gefe ne ya fara fitowa daga inji da kuma irin ledar.