Kowa da kiwon da ya karɓe shi: yadda gidan Shehu ya raba aikin shugabanci

A yawancin ma'aikatunmu, idan lokacin duba aikin ma'aikaci ya zo, abin da ake fara lissafawa shi ne inda ya gaza. Wanda bai iya magana a gaban jama'a ba a tura shi kwas ɗin magana, a manta cewa shi ne wanda lissafinsa bai taɓa kuskurewa ba. Bayan shekaru sai a samu mutum mai ɗan dama-dama a komai, ba gwani a komai ba, a ɗora masa shugabanci. Masanin gudanarwa Peter Drucker ya soki wannan tun a shekarun 1960, yana ganin aikin shugaba shi ne ya sa baiwar mutanensa ta yi amfani. Daga baya Donald Clifton na kamfanin Gallup a Amurka ya fito da gwajin da ke karkasa baiwar ɗan Adam gida 34. Amma mai karatu a ƙasar nan yana da misali mafi kusa da shi, a tarihin waɗanda suka kafa Daular Sakkwato.

Mu fara da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa. Jama'a sun yi masa mubaya'a a Gudu a 1804, bayan hijira daga Degel. Alkalawa, babban birnin abokan gaba, ta faɗi a 1808. A nan ne wanda bai san kansa ba zai gina fada ya zauna yana karɓar gaisuwa. Shehu kuwa ya koma Sifawa, ya ci gaba da abin da ya shafe shekaru talatin yana yi kafin jihadi: karantarwa, wa'azi da rubutu. A 1812 ya raba kula da ƙasa biyu, yamma ga ƙanensa Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello. A ganina wannan shi ne mataki mafi wuya a shugabanci, mutum ya gane cewa ƙarfinsa yana kan buzun karatu, ya saki sauran ga waɗanda suka fi shi iyawa, alhali babu mai iya hana shi riƙewa.

Labarin Abdullahi ya fi kowanne taɓa zuciya. Jarumi ne, domin shi ya jagoranci rundunar da ta yi nasara a Tafkin Kwatto a 1804. Amma asalin baiwarsa ilimi ce: fiƙihu, nahawu, tafsiri, waƙar Larabci. Irin wannan mutum yana auna komai da ma'aunin shari'a, kuma abin da ya gani na kwaɗayin ganima da son mulki a cikin mayaƙa ya dame shi har ya bar fagen yaƙi wajen 1807 da niyyar tafiya Makka. A Kano jama'a suka tsayar da shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda ake mulki bisa shari'a. Can ya rubuta Liya'ul Hukkam, ya yi musu karatun tafsiri, sannan ya koma gida. Tsananin da ya hana shi jure wa siyasar sansani shi ne ya ba sarakunan sabuwar daula littafin da za su duba. Da an matsa masa ya zama mai sassauci irin na 'yan siyasa, da an yi asarar abu biyu, domin ba zai iya ba, kuma littafin ba zai fito ba.

Bello daban ne. Shi ma malami ne mai rubuce-rubuce, Infaƙul Maisuri nasa ne, har kan magani ya yi rubutu. Sai dai hankalinsa ya fi karkata ga tsari. Shi ya kafa birnin Sakkwato a 1809. Da mulki ya zo hannunsa bayan rasuwar Shehu a 1817, sai ya shiga gina ribaɗi a bakin iyaka, irin su Wurno, inda ya rasu a 1837, yana jawo makiyaya su zauna wuri guda, su yi noma, 'ya'yansu su yi karatu. A gefensa akwai Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda ya riƙe wasiƙu da hulɗa da sarakunan gabas, ya kuma sauki Bature Clapperton a 1824.

Kada a ɗauka wannan rabon aiki ya tafi babu ciwo. Naɗin Bello ya ɓata tsakaninsa da baffansa, kuma sai da aka yi yaƙin Kalambaina, inda Bello ya kawo wa Abdullahi ɗauki, kafin zukata suka haɗu. Masu baiwa mabambanta sukan yi wa juna mummunar fahimta. Mai tsari yana ganin malami ya cika tsauri, malami yana ganin mai tsari ya cika sassauci. Duk ma'aikatar da ta tara gwanaye ta shirya wa wannan.

Sai Nana Asma'u, 'yar Shehu kuma matar Giɗaɗo. Ba ta riƙe tuta ba, ba ta mulki gari ba. Abin da take da shi harsuna ne, Larabci da Fillanci da Hausa, da iya mayar da ilimi waƙa mai sauƙin haddacewa. Da wannan ta kafa tsarin 'yan taru: a zaɓi dattijuwa mai hankali a naɗa ta jaji, a ɗora mata malfa, ta riƙa jagorantar matan ƙauye zuwa karatu, su koma su koyar da na gida. Asma'u ta rasu a 1864, tsarin kuwa ya rayu bayanta, har a zamaninmu ana jin sunansa a ƙasar Sakkwato.

Akwai iyakar da ya kamata a ja, domin wasu masu ba da horo sukan mai da zancen baiwa uzuri. Rashin iya jawabi gazawa ce da abokin aiki zai cike ta. Rashin riƙon amana da zalunci ba a ba wa mataimaki ya cike su. Wajibi ne shugaba ya gyara su a kansa, ko ya sauka. Shehu da Abdullahi da Bello da Asma'u sun bambanta a iyawa, amma tarbiyya ɗaya suka samu, kuma ita ta sa bambancin ya yi amfani.

Shugaban makaranta ko na ƙungiya da ke son gwada wannan ba ya buƙatar sayen wani gwaji daga waje. Ya lura da aikin da kowane ma'aikaci ke yi ba a sa shi ba, da matsalar da abokan aikinsa ke kawo masa su da kansu. Shi ma ya nemi mutum biyu ko uku da ba sa jin tsoronsa su faɗa masa abin da ya fi iyawa, da abin da ya kamata ya miƙa wa wani tun bana.