Masauki a Singafo: Daga Raffles zuwa Tsofaffin Kantuna

Da wuya ka ga hoton birnin Singafo babu Marina Bay Sands a ciki: dogayen benaye uku sun ɗauki wani gini mai kama da jirgin ruwa a ka, can a hawa na 57 kuma akwai wurin ninƙaya. An buɗe shi a 2010 da ɗakuna sama da 2,500, ga kantuna, ga gidan caca. Abin kallo ne, ba musu. Amma ni idan ana zancen masaukin alfarma a birnin nan, Raffles ne ke fara zuwa mini a rai.

A 1887 wasu 'yan'uwa Armeniyawa, 'yan gidan Sarkies, suka karɓi hayar wani gida mai ɗaki 10 daga hannun Sayyid Muhammad Alsagoff, attajirin Balarabe ɗan asalin Hadramaut. Gidan nan shi ya zama Raffles. Gwamnati ta sanya shi cikin gine-ginen tarihin ƙasa a 1987, aka yi masa gagarumin gyara aka sake buɗe shi a 2019, yanzu kuma mallakar wani kamfanin Ƙatar ne. Masu tsaron ƙofa 'yan Sikh ne, da farin rawani. Kowane baƙo da hadimin da ke kula da shi. Abin da ya fi burge ni shi ne shirun wurin: motoci na ta zirga-zirga a titi, kai kuwa kana baranda kana kallon itatuwa a tsakar gida. A garin da fili ya yi tsada haka, wannan sarari da natsuwa su ake biya wa kuɗi.

Sai kuma ƙananan otal-otal na musamman, waɗanda su na fi ƙauna. Galibinsu a tsofaffin gidajen 'yan kasuwa suke, irin masu hawa biyu ko uku, kanti a ƙasa, iyali a sama, da rumfa a gaba inda mai tafiya zai fake wa rana da ruwa. An rushe irinsu da yawa lokacin da birnin ke gaggawar gina dogayen benaye, kafin a 1989 hukuma ta ware unguwanni kamar Chinatown da Little India da Kampong Glam ta ce a adana su. Sai dai ginin da ba ya kawo kuɗi ba ya samun gyara, shi ya sa mayar da su masauki ya yi musu rana. Dubi The Warehouse Hotel a bakin kogi: sito ne na ajiye kaya da aka gina a 1895, aka buɗe shi a matsayin otal a 2017 da ɗakuna 37 kacal.

Ga Musulmi, Kampong Glam ta fi sauƙi. Masallacin Sultan mai ƙubba ruwan zinariya yana tsakiyar unguwar, ka taka da ƙafa ka sami jam'in asuba. Abincin halal ko'ina, shinkafar biryani da murtabak, ga masu sayar da yadi da turare a titin Arab.

Amma a kula da abu biyu kafin a biya. Tsofaffin gidajen 'yan kasuwan nan sirara ne, sun miƙe ciki, maƙwabta sun tokare su dama da hagu, don haka wasu ɗakunan ba su da taga ko ɗaya, wasu gidajen ma sai an hau matakala da jaka. Mutum ya tambaya tun wuri. Na biyu, idan an ga alamar ++ a gaban farashi, ana nufin za a ƙara kashi 10 cikin ɗari na hidima, sannan harajin gwamnati, wanda ya koma kashi 9 tun farkon 2024.