KAFIN KI KUSHE HOTON ƘANWARKI, TSAYA KI JI

A wannan fitowar laifin kaina zan fara tonawa, domin in kuka ji abin da ya faru tsakanina da autarmu, wata ta tsira daga irin kuskuren da na tafka.

Autarmu 'yar aji biyu ce a babbar sakandare. Ran nan da hutu, bayan ta idar da sallar asuba, sai ta ari wayar Umma ta hau saman soron gidanmu da ke cikin birnin Kano, ta zauna cikin sanyin nan tana jiran rana. Can wajen ƙarfe bakwai sai ga ta ta faɗo ɗakina da murnarta, hannunta har rawa yake. "Yaya, dubi abin da na ɗauko!" Na karɓa na duba. Ƙasa baƙi ƙirin, sama fari fat, ga rana a tsakiya kamar an ɗiga farin fenti, ga unguwar duk ta karkace kamar za ta zube. Maimakon in yi tunani, sai na ƙyalƙyale da dariya na ce, "Wannan kuma mene ne, ƙwai a kasko?"

Ba ta ce uffan ba. Ta karɓi wayar ta fita. Da yamma Umma ta kira ni ta ce, "Ke babba ce amma ba ki san magana zarar bunu ba ce? Yarinyar nan kwana uku tana tashi don hoton nan, yanzu ta goge su kaf." Wallahi jikina ya yi sanyi. Ni da na daɗe ina riƙe kyamara, na manta cewa nawa hotunan na farko sun fi nata muni, bambancin kawai ni na samu wanda ya zauna ya nuna mini.

BA KUSHE BA, BA KUMA YABON ƘARYA BA

Mu mata muna da hanya biyu da muka saba bi in ƙawa ko ƙanwa ta nuna mana aikin hannunta, ko ɗinki ne, ko girki, ko lalle, ko hoto. Wata za ta yatsine fuska ta kushe. Wata kuma za ta ce, "Kai, ya yi kyau wallahi!" alhali ko kallon kirki ba ta yi masa ba. Ta farko ta kashe mata gwiwa, ta biyu ta bar ta cikin duhu, gobe ma haka za ta sake ɗaukowa. Duka biyun ba ƙauna ba ce. Mai ƙaunarki ita ce wadda za ta tsaya ta duba da kyau, ta faɗi abin da ya yi daidai, sannan ta nuna gyara guda ɗaya ko biyu da za a iya yi gobe da safe. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Da na shiga ɗakinta ba ta haƙuri, tambaya na fara yi mata: "Auta, me kika gani da idonki da ya sa kika ɗaga wayar?" Ta yi shiru, can ta ce, "Yaya, sama ce ta yi ja kamar an shafa mata lalle, ga tsuntsaye suna wucewa ta kan Dala. Amma a wayar ba haka ya fito ba." Kun ji fa. Idonta ya ga abin da ya dace, hannu ne bai koyi kamowa ba tukuna. Da ban tambaya ba, da ban san daga inda zan fara ba. Don haka 'yar'uwa, tambaya ita ce matakin farko.

ME YA SA BA YA FITOWA YADDA IDO YA GANI?

Abin da na fara faɗa mata shi ne laifin ba nata ba ne ita kaɗai. Idon da Allah Ya ba mu yana iya ganin sama mai haske da ƙasa mai duhu a lokaci guda, kyamara kuwa ba ta kai shi ba. In ta bi hasken ƙasa sama ta ƙone ta yi fari, in ta bi na sama ƙasa ta yi baƙi. Maganin a waya mai sauƙi ne: ki taɓa sama da yatsa a fuskar wayar, kusa da inda ya fi haske, za ki ga 'yar alamar rana ta fito, sai ki ja ta baya kaɗan har jan nan ya bayyana. In gidaje da bishiyoyi suka zama baƙi kada ki damu, wannan ado ne. Inuwar dabino, ko kuka, ko hasumiyar masallaci a gaban jan sama ita ce ke sa mai kallo ya tsaya.

Na biyu, lokaci. Yawancin masu koyo suna jira sai rana ta fito sosai, alhali launi ya fi kyau kamar minti 20 kafin ta leƙo da kuma 'yan mintoci bayan haka. A lokacin hasken yana ratso iska mai yawa kafin ya iso gare mu, shuɗin cikinsa ya watse a hanya, ja da ruwan goro su rage. Mu nan kusa muke da tsakiyar duniya, rana tana hawa kusan a miƙe, shi ya sa wannan kyan ba ya daɗewa. A Kano rana na fitowa wajen ƙarfe 6 a watan Yuni, a Janairu kuwa sai bakwai saura minti goma. Daga ketowar alfijir zuwa fitowarta akwai fiye da awa ɗaya, ke nan kina da lokacin yin salla da azkar a natse kafin ki ɗauki waya.

Na uku, yanayi. Da hunturu ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana rufe sararin sama, sai rana ta fito fara sol kamar faifai, ba ja ba armashi. Wannan ma hoto ne mai kyau in an iya shi, amma mai son launi ta jira damina, ranar da aka kwana da ruwa aka wayi gari da guntayen gajimare.

Sauran ƙananan abubuwa ne da ake rainawa. Ki goge idon kyamara da gefen mayafi mai laushi, don wayar da ta sha hannun mai da tuwo hazo take ƙara wa hoto. Ki kunna layukan nan da ke raba fuskar waya gida tara, su ne za su nuna miki ko ƙasa ta karkace. Kada ki dasa rana a tsakiya kullum, matsar da ita gefe, ki ba sama kashi biyu ƙasa kashi ɗaya. Kada ki jawo hoto da yatsu biyu, dusashewa yake yi. Ki jingina gwiwar hannu da katanga don kada ya girgiza. Sannan kada ki ƙura wa rana ido in ta ɗaga, tana illa ga gani.

KADA KI JUYE MATA DUKA RANA ƊAYA

Duk wannan da na lissafa muku, ban faɗa wa Auta a zama ɗaya ba. Ranar farko abu biyu kawai na ba ta: ta taɓa sama, ta daidaita layi. Na kuma faɗa mata gaskiyar abin da ya burge ni, wato tashin da ta yi cikin sanyi, da wurin da ta zaɓa inda Dala ke fitowa sosai. Yabo in ya zo da dalili shi ne ake yarda da shi. Haka kuma ban yi mata gyara a gaban yayyenmu maza ba, domin gyaran bainar jama'a tozarci ne ko da gaskiya aka faɗa. Kuma na kiyaye harshena: "hoton ya karkace" daban yake da "ke ba ki iya komai ba". Na farko aiki ya taɓa, na biyu mutum ya sara.

Kada wata ta ce ai wasan yara ne. Seydou Keita, shahararren mai hoton nan na Bamako, kawunsa ne ya kawo masa tsarabar kyamara daga Senegal a 1935, a 1948 ya buɗe shagonsa, daga baya aka baje hotunansa a manyan biranen Turai da Amurka. Ga kuma 'yar'uwarmu Fati Abubakar ta Maiduguri, wadda aikin jinya ta karanta, amma a 2015 ta fara ɗaukar hotunan rayuwar mutanen Borno tana nuna wa duniya cewa garinsu ba labarin tashin hankali kaɗai ne da shi ba. Kowannensu akwai ranar da ya ɗauki hoton farko. Wa ya san me ke hannun yarinyar da kike yi wa dariya?

KE KUMA MAI KOYO

Ƙanwata, in an gyara miki kada ki kumbura fuska ki ce hassada ce. Ki tambaya, "Anti, ina ne bai yi ba?" Kuma don Allah kada ki goge hotunanki na farko, su ne ma'aunin da za ki gane ci gabanki. A zamanin fim, hoto 24 ko 36 ke cikin nadi ɗaya, sai an kai wanki an biya kuɗi kafin a ga kuskure. Ke yanzu nan take kike gani ki sake. Sai dai a kula: ba sai kin fita unguwa da duku-duku ba, tsakar gida da saman bene sun isa, in kuma fita ta kama to da izinin iyaye da rakiyar ɗan'uwa. In kina sama kada ki juya kyamara cikin gidan maƙwabta, kada kuma ki ɗauki kowa ba da yardarsa ba.

Sai da na yi sati guda ina lallashi kafin Auta ta yarda ta sake hawa soro, ni ma na bi ta da bargona. Hoton da ta ɗauko a rana ta huɗu har yanzu akwai 'yar karkata a cikinsa, na kuma faɗa mata. Amma jan saman ya fito, ga Dala a tsaye, ga tsuntsu guda ya gifta. Shi ne Umma ta sa a fuskar wayarta, duk baƙuwar da ta zo sai an nuna mata.

Allah Ya ba mu ikon gyara da taushin harshe, amin. Mai hoton da take son a duba mata, ƙofar wannan fili a buɗe take. Sai mun sadu a fitowa ta gaba, ku huta lafiya.